Ƙanwata na shan kodin kuma tana goyo, ina za mu kai ta ba tare da an raba ta da jaririnta ba?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, wlh yau kwana huɗu ban yi baccin kirki ba. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekararta 26, tana aure a nan Kano, yaranta biyu, babbar shekara huɗu sai na goye wata bakwai. A tsakaninsu ta haifi wani namiji, kwana biyu bayan suna ya koma.

Tun da ta gama wankan jegon nan muka ga ta canza, yarinyar da in ta shigo gida sai kowa ya san ta zo, sai ta koma shiru shiru, kullum bacci, magana a hankali kamar ana janta, ta ɗora girki tana zaune a kicin ɗin ya ƙone. Mu duk mun ɗauka gajiyar raino ce, Hajiyarmu har rubutu ta karɓo mata wai ko iska ce. Ashe sirof take sha, maganin tarin nan mai kodin. Mijinta ne ya ga kwalabe goma sha ɗaya a durowar kayan jariri ƙarƙashin famfas, wani kuma ta juye a robar lemo yadda ko ka gani a hannunta ba za ka kawo komai ba.

Na je na kulle ɗaki daga ni sai ita, ta yi kuka har ta gode Allah, ta ce Yaya tun rasuwar yaron nan ne, sati uku ba ta runtsa ba, da ta rufe ido sai ta ji kukansa, kowa ya zo sai dai ki yi haƙuri Allah ya sa mai ceto ne, sai wata maƙwabciyarta ta ba ta rabin kwalba ta ce sha ki samu bacci. Daga nan ne. Yanzu kusan shekara biyu kenan, har da cikin wannan yaron tana sha, kuma wai yanzu da daddare tana ƙarawa da roci, wata ƙwayar sa bacci, saboda sirof ɗin shi kaɗai ya daina sa ta bacci.

Mijin ya ba ta wata ɗaya, ko ta daina ko ta tafi gida shi kuma ya kai yaran wajen mahaifiyarsa. Kawunmu ya ce a kai ta gidan wani malami a ƙauye da yake ɗaure irinsu. Hajiya ta ce kar wanda ya ji, muna da ƙanne biyu 'yan mata a gida ba su yi aure ba. Ita kuma ta rantse min tana so ta daina, ta gwada da kanta har sau biyu, in ta kwana biyu sai zawo da ciwon gaɓoɓi da gumi da hamma ba ƙaƙƙautawa, hanci na zuba, sai ta koma. Ta ce duk inda na ce za ta bi ni amma abu biyu, ba za ta bar jaririnta ba, kuma ba za ta iya zama gaban namiji ta faɗi sirrinta ba.

Na kira rihab, wato gidajen kula da masu shaye-shaye, guda biyu na kuɗi, ɗaya suka ce su maza kawai suke karɓa, ɗayan suna da ɗakin mata amma ba a zuwa da yaro, wata uku ba fita, kuɗin kuma ko na sayar da sarƙata ba zai kai ba. To ni yanzu ina zan nufa? Akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan? Dole ne sai an kwantar da ita?

Nas ɗin dare:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ki ladan zumunci. Ni nas ce, na yi shekaru a ɓangaren ƙwaƙwalwa a Kaduna, bari in fara da abin da ya fi gaggawa kafin maganar ina za a kai ta.

Kar ku ƙwace mata rocin nan rana ɗaya ku kulle ta a ɗaki. Dan Allah. Barin kodin yana da wahala, duk abin da ta lissafa miki gaskiya ne ba raki ba ne, yakan fi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauƙi wajen sati ɗaya, amma shi roci da 'yan uwansa irin su D5 in jiki ya saba da su aka yanke lokaci guda yana iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya da ruɗewa, ana iya rasa rai. A hankali likita yake rage shi. Kuma haɗa shi da kodin da take yi shi ne abin da ya fi tsorata ni, domin duk biyun suna danne numfashi, mutum ya kwanta bacci shi kenan.

Sai jaririn. Kodin in ya shiga jiki hanta tana juya wani ɓangarensa ya koma mofin, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, kuma yana fita ta nono, roci ma haka. Ku lura da yaron, in yana yawan bacci fiye da kima, ko ba ya kama nono da ƙarfi, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya ragu, asibiti a take ba sai gobe ba. Ko ba ku ga komai ba ku kai shi likitan yara ya duba shi a faɗa masa gaskiyar abin da uwar ke sha, shi zai ce a yaye ko a rage ko yaya. Daga daren yau kuma kar ta ƙara kwana da shi a katifa ɗaya, wata babba ta kwana a ɗakin, saboda uwar da ta sha irin wannan tana iya danne ɗa ba ta sani ba.

Sannan a yi mata gwajin ciki kafin komai, kar ki ce ai tana goyo. Waɗannan ƙwayoyin suna rikita al'ada, mace sai ta yi wata uku ba ta gani ba ta ɗauka shayarwa ce. In akwai ciki lissafin gaba ɗaya ya canza, domin yanke kodin ko tiramol lokaci guda ga mai ciki yana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini, dole likitan mata da na ƙwaƙwalwa su haɗa hannu.

Tambayarki ko dole a kwantar da ita, a'a ba dole ba ne. Mutane da yawa ana duba su ne suna zuwa daga gida, a ba su rana kamar yadda ake zuwa awo, musamman wadda ita da kanta take so ta daina kuma akwai mai tsaya mata. Likita ne zai gani in akwai buƙatar kwanciya ta 'yan kwanaki saboda rocin. A Kano akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, a Kaduna akwai na Barnawa mai sashe na musamman don masu shaye-shaye, akwai Kware a Sakkwato da na Maiduguri. Hukumar NDLEA ma ta buɗe layin kira kyauta tun 2022, 0800 1020 3040, ba don kama mutum ba, don shawara. In kun je ki buɗe baki ki ce likita mace muke so, ko aƙalla nas mace ta zauna a ɗakin, ba laifi ba ne kuma ba rashin kunya ba ne.

Abin da kika gamu da shi a waya bai ba ni mamaki ba ko kaɗan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda a Najeriya, kuma cikin kowane mutum huɗu ɗaya mace ce, amma a wuraren magani cikin mutum ashirin da kyar ka samu mace ɗaya. A maganin tari mai kodin kuwa, wanda mutum wajen miliyan 2.4 ke sha, mata ba su bar wa maza komai ba, kan-kan-kan suke. To ina sauran matan suke? Suna cikin ɗakunansu irin ƙanwarki. Wuraren nan yawanci an gina su ne da saurayi ɗan wiwi a rai, wanda babansa zai kawo ya biya ya tafi ya dawo bayan wata uku, ba wanda ya yi tunanin mai goyo.

Maganar kawu kuma, ki ba shi haƙuri cikin ladabi amma kar ki yarda. Ki tuna masa 2019 da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa suka fito da mutum sama da 300 da sarƙa a ƙafa da tabon duka, daga baya aka fasa wasu a Daura da Zariya, wani kuma a Rigasan aka fito da mutum 147 har da mata. Mace mai shan roci a ɗaure ta a inda ba likita, in jijjiga ta kama ta cikin dare wa zai taimake ta?

Kuma ni a ganina ƙanwarki ciwon damuwa ne ya fara kama ta tun rasuwar yaron, sirof ɗin daga baya ya zo. In aka cire sirof aka bar ciwon, za ta nemi wani abin.

Hajiyar Gwammaja:

'Yata sannu, Allah ya yaye mata. Na karanta bayanin malamar asibiti kuma na ƙaru, amma ina so ku fahimci mahaifiyarku ita ma, ba rashin tausayi ne ya sa ta ce a rufe ba. Mu da muka aurar da 'ya'ya mun san yadda garin nan yake. Yau a ce an ga 'yar gidan wane a layin Dawanau, gobe magana ta zaga dangi, jibi masu neman ƙannenki su ɗauke ƙafa, ba wanda zai tsaya tambayar me ya kai ta. Ni na ga yaro namiji a unguwarmu da ya yi shaye-shaye har yana kwana a kwata, iyayensa suka yi masa aure wai ko zai nutsu, aka ba shi 'yar mutane da gara da komai. Mace kuwa ko ta tuba shekara goma sunanta 'yar ƙwaya, har 'ya'yanta sai an goranta musu. Ba daidai ba ne amma haka ake yi.

Shawarata ku je ku roƙi mijin ya bar ta ta dawo gida da sunan hutu ko jinya, ita da yaran, wata biyu, a raba ta da waccan maƙwabciyar, a karɓe wayar, a dage da addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani a kanta, a samu likita ko nas na amana ya riƙa zuwa gida yana duba ta in da hali. Abin da za a iya yi a cikin gida ban ga dalilin kai shi waje ba. Kuma dan Allah kar a yi ta yi mata faɗa, wadda ta binne ɗa ba a san abin da ke ranta ba sai Allah.

Na tsira da ikon Allah:

Slm. Ban taɓa rubuta wannan a ko'ina ba amma na karanta labarin ƙanwarki sai da na ajiye wayar na yi kuka, don ni ce ita shekara shida da suka wuce. Na sha kodin da tiramol shekara biyar. Na fara ina gidan miji, na ci gaba ina zawarci. Lokacin da gwamnati ta hana sirof mai kodin a watan Mayun 2018 bayan rahoton nan na BBC, mutanen gidanmu har murna suka yi wai yanzu dole in daina, ba su san abin ya koma bayan fage ne kawai ya ƙara tsada ba, ni kuma da kuɗi ya gaza sai na koma tiramol ɗin nan mai 225 da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya, wanda ko a asibiti ba a ba da mai ƙarfinsa. Sau biyu ina faɗuwa ina jijjiga, na biyun a gaban 'yata.

Hajiya ki yi haƙuri, da girmamawa nake faɗa, rufin da kike cewa an yi min shi shekara uku. An kai ni gidan gwaggona an karɓe waya, an yi min ruƙiyya, an yi rubutu, kuma ni ban raina addu'a ba har gobe ita ce makamina, amma duk wannan lokacin ba wanda ya taɓa tambayata me yake damuna, kuma yarinyar da ake aika sayen kayan miya ita nake ba wa ɗan kunnena ta kawo min. Mai sha ta fi kowa sanin hanya. Rufin asiri daban, ƙin zuwa asibiti daban.

Daga ƙarshe yayana ya kai ni wani wuri na kuɗi, ba zan faɗi suna ba. Mu biyu ne mata, maza sun kai ashirin. Kullum da safe a zauna a da'ira wai kowa ya faɗi abin da ya sa ya fara. To ni abin da ya sa na fara wani abu ne da wani na jikinmu ya yi min ina 'yar shekara goma sha uku, da dukan da na sha a gidan aure, ta yaya zan faɗi wannan a gaban maza ashirin da wasunsu in na wuce sai sun bi ni da ido? Wata biyu ina cewa sharrin ƙawaye ne. Makullin ɗakinmu a hannun maigadi namiji yake, ni da ɗayar yarinyar sai mu jawo gado mu tare ƙofa kafin mu kwanta. Da al'adata ta dawo bayan ta daɗe da ɗaukewa, ko audugar mata babu a wajen, sai da na roƙi mai shara. Yarana kuwa ban ji muryarsu ba ko sau ɗaya wai doka ce, wlh ba ƙwayar ce ta fi damuna a wajen ba, tunanin wa yake yi wa ƙaramar wanka ne, ta ci abinci ko ba ta ci ba. Na fito da sati uku na koma sha.

Abin da Allah ya sa ya zama sanadin tsirata wata likita ce mace a asibitin gwamnati, ina zuwa daga gida duk sati biyu. Ranar farko ta sallami yayata ta rufe ƙofa ta ce abin da kika faɗa a nan ba mai ji sai da izininki, sannan ta tambaye ni ko akwai wanda yake dukana ko ya taɓa yi min abin da ba na so. Shekarata talatin da ɗaya a lokacin, ba wanda ya taɓa min wannan tambayar. Ta ɗora ni kan maganin damuwa, ta haɗa ni da wata ma'aikaciya da muke zama mu huɗu duk mata.

Maman Ilham ga abin da nake so ki tambayi ƙanwarki wanda na san ba ki tambaya ba: bashi. Nawa ake binta kuma wa yake binta? Mace a gidan miji ba ta da albashi, kuɗin cefane ake tsakura, daga nan a sayar da atamfa, kofuna, gwal, daga nan mai kawowa ta fara ba ki bashi, kuma in ta ga za ki kuɓuce mata sai ta ce ko ki biya ko in faɗa wa mijinki, wasu ma har tura su ake wajen maza don su biya. Ni sai da yayana ya je ya biya dubu tamanin ya ja wa matar kunne sannan na samu numfashi. In ba ku toshe wannan ba duk maganin da za a yi a banza.

Sannan ku nema mata abin yi da hannunta. Zaman ɗaki daga safe har dare, miji ya fita tun bakwai sai goma, ba mai magana da kai sai jariri, wannan zaman shi kansa yana mayar da mutum. Ni ɗinki na koya, yanzu shekara huɗu kenan ban sa komai a bakina ba, yarana suna hannuna alhamdulillah.

Baban Sadik:

Ni namiji ne, ku yi haƙuri na shigo maganar mata, amma na ga ba wanda ya yi maganar mijin sosai alhali a hannunsa rabin maganin yake. A ƙasar nan matar aure ba za ta je asibiti duk sati biyu ba sai da izininsa da kuɗin motarsa, in ya ce a'a magana ta ƙare.

Maiɗakina sikila ce, garin ciwo aka saba mata da allurar fenta ta kashe zafin ciwo, tun ana yi mata a asibiti har ta koma tana yi wa kanta a ɓoye, cinyoyinta duk suka yi tauri da gyambo. Ranar da na gane wlh abin da ya fara zuwa raina saki ne, don ji na yi an ci amanata an mayar da ni wawa a gidana. Wani likita ne ya zaunar da ni ya yi min bayani cewa jikinta ne ya riga ya saba, ba raina ni ta yi ba, kuma ya ce mata sukan yi saurin kamuwa fiye da maza daga fara sha zuwa kasa bari. Sai da na ji daga bakin likita sannan zuciyata ta sauka, da 'yan uwanta ne suka faɗa da cewa zan yi kare ta suke. Don haka ki yi ƙoƙari ku tafi da shi asibitin ko sau ɗaya, ki samu wanda yake jin nauyinsa, wansa ko limamin unguwarsu, kar ki je masa da faɗa. Wa'adin wata ɗayan nan ma tsoro ne ya sa shi faɗa, ya ga kwalabe a cikin kayan ɗansa.

Amma fa ki bincika a hankali ko shi ma yana taɓawa, ko yana dukanta, domin akwai matan da mazajensu ne suka koya musu, in haka ne komawa gidan ba mafita ba ce.

Batun kwashe yara kuma, ku tambayi malamai. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a suke bi, in aure ya mutu renon yara haƙƙin uwa ne, in an samu dalilin da ya hana ta sai ya koma ga mahaifiyarta wato kakarsu ta wajen uwa, sannan 'yan uwan uwar mata, kafin a zo ɓangaren uba, shi kuma ciyarwa tana kansa. Ba ina cewa ku kai shi kotu ba, Allah ya kiyaye, amma ita ta san cewa neman magani ba shi zai raba ta da 'ya'yanta ba, don wannan tsoron ne yake hana mata da yawa buɗe baki.

Nas ɗin dare:

Hajiya na ji maganarki kuma tsoronki gaskiya ne, dawo da ita gida da yaran ma shawara ce mai kyau in mijin ya yarda. Inda na saɓa kawai shi ne a tsaya a gida. Tana iya sa hijabinta da niƙabi ta je asibitin koyarwa inda ake ganin masu ciwo iri-iri, ba wanda ya san wane ɗaki ta shiga, kuma ma'aikaci ba shi da hurumin fitar da sirrin mara lafiya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ƙara ƙarfafa haƙƙin mara lafiya a kan sirrinsa da mutuncinsa.

Abu ɗaya da na manta Maman Ilham, in ta yi sati biyu ko wata ba ta sha ba jikinta zai manta da yawan da ya saba, to in tsautsayi ya sa ta koma ta sha kwalba biyun da take sha a da, a nan ne ake mutuwa. Ki faɗa mata wannan ƙarara, kuma ki ce mata in ta zame ta faɗa miki ba za ki zage ta ba. Ku yi maganar tazarar haihuwa da likitan ma, ciki a tsakiyar magani ba ƙaramin abu ba ne.

Maman Ilham:

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya saka da alheri, na karanta komai har sau uku, na karanta wa Hajiyarmu na Hajiyar Gwammaja da na 'yar uwar da ta tsira, ta yi shiru ta daɗe sannan ta ce a je asibitin amma ita za ta riƙe babbar yarinyar.

Jiya Litinin muka je, tun bakwai na safe sai wajen ɗaya muka ga likita, layi ba a magana, jaririn yana ta kuka ba inda za a zauna a ba shi nono sai kan benci cikin maza, sau biyu tana cewa Yaya mu tafi gida na riƙe hannunta. Na roƙa aka haɗa mu da likita mace, ta fitar da ni waje suka yi kusan minti arba'in su biyu, ta fito idonta jawur amma ta ce min ta ji sanyi. Ba ciki alhamdulillah. Likitar ta ce ba sai an kwantar da ita ba yanzu, an tsara yadda za a rage rocin, maganin yana hannuna ni nake ba ta. Yaron an duba shi, nauyinsa ya ɗan yi ƙasa, sun ce a koma madara da kunu kuma mu dawo da shi bayan sati ɗaya.

Anti da kika ce in tambayi bashi, Allah ya biya ki, dubu arba'in da bakwai matar nan take binta, har zoben da Hajiya ta ba ta yana hannunta jingina, kuma tun shekaranjiya ta kira sau tara. Maigidana ya ce zai je da kansa gobe.

Mijin ya yarda ta zauna a gidana sati uku amma bai yarda zai je asibitin ba tukuna, ya ce kunya yake ji a gan shi a wajen. Wansa zai yi masa magana ranar Juma'a. Anti Nas dan Allah, daren jiya ba ta yi bacci ba sam, tana ta juyi tana cewa ƙafafunta kamar ana tsira mata allura, ta yi zawo sau huɗu, ina ba ta ruwan gishiri da sukari, in jira ranar Alhamis ɗin da aka ba mu ko in mayar da ita gobe da safe?